Dandalin Fasaha: Mun Buɗe Shafi, Amma Babu Mai Leƙowa

 

A wannan makon za mu tsaya ne a kan wasiƙar wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare, wadda ita ce sakatariyar kulob ɗin 'yan jarida na makarantarsu. Na taƙaita wasiƙar, na kuma cire sunanta da na makarantar kamar yadda muka saba. Ga abin da ta ce:

"Yaya, a zangon da ya wuce muka buɗe wa kulob ɗinmu shafin intanet. Ranar da aka sanar a wajen asambuli, mutum fiye da ɗari biyu suka shiga. Yanzu kuwa sai a wuni ba a samu mutum biyar ba, su ɗin ma ina zargin mu ne. Shugaban makaranta ya ce idan zango ya ƙare bai ga amfanin abin ba, zai daina ba mu kuɗin data, ya kuma karɓe kwamfutar da ya ba mu aro. Sai ga wani mutum ya turo mana saƙo cewa idan muka biya shi naira dubu goma, zai sa shafuka dubu ɗaya su riƙa nuno namu, Google ya ɗora mu a sama. Mun fara karo-karo, har mun tara dubu shida. Mu tura masa?"

Ƙanwata, kada ku tura masa ko sisi. Ku riƙe kuɗinku, zan gaya muku abin da za ku yi da shi a ƙarshe. Amma ba na so ku ƙi don kawai Yaya ya ce a ƙi. Gara ku fahimci yadda abin yake aiki, don gobe idan wani ya zo da irin wannan tayin cikin wata riga, ku gane shi da kanku.

Mece ce mahaɗa, kuma me ya ba ta daraja?

Mahaɗa ita ce abin da kuka fi sani da linki: rubutun nan, galibi mai launin shuɗi, wanda idan ka latsa shi sai ya kai ka wani shafi. A kanta aka gina duniyar shafukan intanet baki ɗaya. A shekarar 1989 ne wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke Suwizalan, ya gabatar da shawarar a haɗa takardun da ke cikin kwamfutoci daban-daban ta yadda kowace za ta iya nuna wata. Daga nan aka samu shafukan da muke shiga yau.

Da shafuka suka yawaita, sai aka shiga matsalar nemo na kirki a cikinsu. Injunan bincike na farko sun fi dogara ne da ƙirga kalmomi: idan ka nemi "gyaɗa", shafin da ya fi ambaton gyaɗa shi ake kawo maka. Masu wayo suka gane haka, sai su cika shafi da maimaita kalma ɗaya, ko da babu wani bayani mai amfani a ciki.

Sai wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford da ke Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka zo da wata dabara. A 1996 suka fara aikin, suna kiran sa BackRub, a 1998 kuma suka kafa kamfanin Google. Dabarar tasu, wadda aka sani da PageRank, ta ce: kada a tsaya ga abin da shafi yake faɗa game da kansa, a duba su waye suke nuno shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Baƙo ya sauka a garinku yana neman tela. Kowane tela ya rubuta a allon shagonsa cewa shi gwani ne, don haka allo ba zai taimake shi ba. Sai ya yi tambaya. Idan mutum goma suka kwatanta masa shago ɗaya, hankalinsa zai fara kwanciya. Idan kuma cikinsu akwai dattijon da kowa ya san ba ya sa tufa sai mai kyau, maganarsa shi kaɗai ta fi ta sauran nauyi. Amma wanda duk telan da aka ambata sai ya ce "ai gwani ne", yabonsa ba ya nuna komai.

Haka lissafin yake. Kowace mahaɗa kamar shaida ce. Shaidar shafin da shi ma ake yawan nunowa ta fi nauyi. Sannan nauyin shaidar kowane shafi ana raba shi ne tsakanin duk shafukan da ya nuna, don haka wanda ya nuna shafi ɗari biyar, abin da zai iso gare ku bai taka kara ya karya ba. A yau Google yana duba abubuwa da yawa ban da wannan, amma har yanzu mahaɗa tana cikin lissafi.

Me ya sa ba za ku saya ba?

To, mutumin da ya yi muku tayin shafuka dubu, a ina zai samo su? Masu irin wannan sana'a suna da tarin shafukan bogi da babu mai karanta su, an buɗe su ne kawai don a cusa mahaɗu. Su ne mutumin nan mai yabon kowane tela. Babu ɗan Adam ɗin da zai bi ta can ya iso gare ku. Wato ko da ya cika alkawari, ba ku samu mai karatu ko ɗaya ba. Sau da yawa ma da kuɗi ya shiga hannu, sai lambar ta daina shiga.

Na biyu, sayen mahaɗa don a hau sama ya saɓa wa ƙa'idar Google, kuma ana hukunci a kai. A watan Fabrairun 2011, jaridar New York Times ta bankaɗo yadda aka dasa dubban mahaɗu a shafuka marasa alaƙa don ɗaga wani babban kantin Amurka mai suna J. C. Penney. Google ya tura shafukan kantin can ƙasa a sakamakon bincike. A farkon 2012 ma Google ya hukunta shafin manhajarsa ta Chrome na tsawon kwana 60, bayan an gano wani tallan da aka biya kuɗi ya karya wannan ƙa'ida. A watan Afrilun 2012 kuma ya fito da wani gyara mai suna Penguin, wanda aikinsa shi ne gano mahaɗun bogi. Wanda bai ƙyale kansa ba, kulob ɗin makaranta zai ƙyale? Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a yi watsi da mahaɗun kamar babu su, kuɗinku ya tafi a banza.

Akwai wani kuskuren da ba a biyan kuɗi, amma shi ma ɓata lokaci ne: bin shafukan mutane ana watsa adireshi ko'ina. Tun 2005 aka ƙirƙiro wata alama da mai shafi zai liƙa wa mahaɗa don ya gaya wa injin bincike cewa shi bai tsaya mata ba. Wikipedia tana sa wannan alama a kan mahaɗun da ke fita waje, kuma editocinta suna goge duk wadda suka ga talla ce. Idan kuka matsa, sunan makarantarku ne zai ɓaci.

Sannan ku kula: duk wanda ya ce ku ba shi kalmar sirrin shafinku don ya "gyara muku", ku rufe maganar nan take, ku sanar da malamin da ke kula da kulob.

Abin da ke sa wani ya nuno ka

Yanzu bari in yi muku tambayar da ta fi ta kuɗi wuya. Mene ne a shafinku wanda ba a samun sa a wani wuri?

Na leƙa shafukan makarantu da dama. Yawanci abu ɗaya ne: jawabin shugaban makaranta, hoton ƙofar shiga, taken makaranta, sai labarin ƙwallon Turai da aka kwafo daga wani wuri. Babu laifi a jawabin shugaba, amma ba wanda zai ce wa abokinsa "je ka karanta". Labarin ƙwallo kuwa, wanda aka kwafo daga wurinsa ya riga ku, ya kuma fi ku ƙarfi. Mutum yana sa mahaɗa ne idan yana bayani, ya iso wani wuri da yake bukatar ya ce "ga cikakken bayani a can". Aikinku shi ne ku zama wannan "can" ɗin.

A nan kuna da wata dama da ɗalibin Landan ba shi da ita. Duk abin da zai rubuta da Turanci, dubban mutane sun riga shi. Ku kuwa, miliyoyin mutane suna jin Hausa, amma abin da aka rubuta da ita a intanet kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da yawan masu ita. Fili ne da ba a gama nomewa ba. Ga misalan abin da kulob zai iya yi da waya ɗaya da littafin rubutu:

Ku zagaya harabar makaranta da malamin bayoloji, ku ɗauki hoton kowace bishiya, ku rubuta sunanta na Hausa da na kimiyya: kuka ita ce Adansonia digitata, tsamiya Tamarindus indica, zogale Moringa oleifera, darbejiya Azadirachta indica. Ku ƙara da amfanin da ake yi da kowacce a garinku. Malamin wata makaranta zai so ya tura ɗalibansa wannan shafi.

Ku je wurin dattijon da ya fi kowa daɗewa a sana'ar ƙira ko jima ko rini a garinku, ku nemi izininsa, ku yi hira da shi. Ku rubuta sunayen kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, da hoton kowanne. Wasu daga cikin kalmomin nan ku kanku ba ku taɓa ji ba, kuma idan ba a rubuta su ba, za su tafi tare da masu su.

Ku ɗauki darasin lissafin da ya fi wahalar da 'yan ajinku, wanda ya gane shi sosai ya bayyana shi da Hausa, mataki-mataki, malami ya duba kafin a saka.

Ku rubuta tarihin makarantarku daga bakin tsofaffin malamai da tsofaffin ɗalibai, da shekaru da hotunan da.

Shafi ɗaya irin wannan, da aka yi shi da kyau, ya fi gajerun rubuce-rubuce hamsin da aka kwafo. Idan kuma maganar jarrabawa ce, kamar ranakun JAMB ko WAEC ko NECO, kada ku rubuta jita-jita. Ku sa mahaɗa zuwa shafin hukumar. Nuna wa mai karatu hanyar da ta dace ba ya rage ku da komai, ƙara muku amana yake yi.

Bayan an rubuta, a sanar

Abu mai kyau ma sai an san da shi. Ku zauna ku lissafa mutum biyar ko ƙungiya biyar da wannan rubutun zai amfana da gaske. Tarihin makaranta, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce za ta fi so. Hira da maƙeri, mai gabatar da shirin al'adu a gidan rediyon jiharku. Sunayen bishiyoyi, malaman kimiyya na makarantun da ke kusa.

Ku rubuta wa kowa saƙonsa daban, ta hannun malaminku. A yi sallama, a gabatar da kai, a faɗi abin da aka rubuta cikin jimla biyu, a ce idan sun ga zai amfani masu bibiyarsu za ku ji daɗi su nuna shi. Shi ke nan. Ban da magiya, ban da turawa sau goma. Wasu ba za su amsa ba. Idan ɗaya cikin biyar ya amsa, kun ci riba, domin ta wannan mahaɗar mutane na gaske za su biyo.

Ku kula da kan labari. Ku sa kalmomin da mutum zai rubuta idan yana neman abin. "Sunayen bishiyoyi da Hausa da sunayensu na kimiyya" ya fi "Abin mamaki a makarantarmu" sau dubu, domin ba wanda yake neman na biyun.

Baƙon da ya dawo

Ƙanwata, mutum ɗari biyun da suka shiga ranar farko ba ɓata suka yi ba. Sun zo, sun gani, wasu sun sake leƙowa bayan kwana uku suka tarar ba abin da ya canja, sai suka daina. Kawo mutum karo na farko aikin mahaɗa ne. Dawo da shi kuwa aikin alkawari ne.

Ku dubi mai ƙosan unguwarku. Ba ta da allon talla. Abin da take da shi shi ne kowa ya san da an idar da sallar asuba tana nan, kuma ƙosan yau irin na jiya ne. Da za ta riƙa fitowa yau, ta yi kwana tara ba ta fito ba, da tuni an koma wurin wata. Ku zaɓi rana ɗaya a mako, a ce Laraba, ku rubuta a saman shafi cewa kowace Laraba akwai sabon abu, sannan ku cika. Kada ku ɗauki alkawarin kullum, jarrabawa za ta zo ku kasa. Ku raba makonnin zango tsakanin 'yan kulob, kuma ku ajiye rubutu biyu a gefe saboda makon da abubuwa suka cakuɗe. Idan za a tafi hutu, ku faɗa, ku sa ranar dawowa.

Ku riƙa yin abu mai ci gaba. Hirar maƙerin nan, ku raba ta kashi uku. Ko ku sa tambayar lissafi ɗaya kowane mako, amsa sai mako mai zuwa. A ƙarshen kowane rubutu kuma ku nuna wani rubutun naku mai alaƙa da shi, don kada mai karatu ya gama ya rasa inda zai nufa.

Ku tausaya wa datar mutane. Kusan duk masu karanta ku da waya suke shigowa, wasu da ragowar data kaɗan, a wurin da sabis ke rawa. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait uku ko huɗu. Idan kuka jera guda goma a shafi ɗaya ba ku rage nauyinsu ba, mutum zai gaji da jira ya fita, kuma zai tuna cewa shafinku ne ya cinye masa data. Ku rage girman kowane hoto kafin ku ɗora. Ku gwada buɗe shafin da mafi tsufar waya a ajinku. Idan ta buɗe shi ba wahala, kun yi daidai.

Ku riƙa tunatarwa. Ranar da sabon rubutu ya fita, kowane ɗan kulob ya sa shi a sitatus ɗinsa na WhatsApp, da jimla ɗaya mai faɗin abin da ke ciki. Sau ɗaya ya isa. Kuma kan labarin da ya yi alkawarin abin da babu shi a ciki, sau ɗaya yake yaudarar mutum. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sai abu na ƙarshe, wanda ni kaina na sha wuyarsa. Na taɓa yin wani rubutu da wasu shafuka suka nuno, mutane suna shigowa ta nan kullum. Wata rana na ga adireshin bai yi mini kyau ba, na canja shi. Ban lura ba sai bayan makonni: duk wanda ya latso tsohuwar mahaɗa, lambar nan 404 yake tararwa, wato ba a samu shafin ba. Kafin in gyara, wasu sun cire mahaɗun nasu, kuma ba su mayar ba. Shi kansa Berners-Lee ya yi rubutu a 1998 yana jan hankali cewa kada a riƙa canja adireshin shafi. Idan kun sa wa rubutu adireshi, ku bar shi. Gyara ya zama a cikin rubutun.

Kada neman baƙi ya sa ku manta da tsaro. Ban da lambar wayar ɗalibi, ban da kwatancen gida, ban da hoton kowa sai da izininsa da na makaranta. Shafi a buɗe yake ga kowa, na kirki da na banza.

Abin da za ku gaya wa shugaban makaranta

Kada ku jira ƙarshen zango. Ku je wurinsa a wannan makon tare da malaminku, ɗauke da takarda ɗaya: ga rubutu huɗu da za mu yi, ga ranakun, ga waɗanda za mu sanar. Ku gaya masa gaskiya cewa hawa sama a Google abu ne na watanni, ba na kwanaki ba. Ku roƙe shi ya auna ku da abu uku: shin kun cika alkawarin kowane mako, shafuka nawa na kirki ne suka nuno ku, kuma mutum nawa ne suke dawowa. Malaminku zai iya yi wa shafin rajista da Google Search Console, kyauta ne, yana nuna shafukan da suka nuno ku da kalmomin da mutane suka rubuta har suka same ku. Mutum talatin da suke dawowa kowace Laraba sun fi dubu da suka leƙo sau ɗaya.

Naira dubu shidan kuwa, ku tambayi waɗanda suka yi karo-karon. Idan sun amince, ta zama kuɗin mota zuwa wurin hira da kuɗin data. Idan ba su amince ba, a mayar wa kowa nasa.

Aikin gida ga kowa da kowa, ko kana da shafi ko ba ka da shi: rubuto mini abu ɗaya da ka sani game da garinku ko unguwarku wanda ka nema a intanet da Hausa ba ka samu ba. Zan kawo guda biyar a wannan fili, mu ga yadda za a mayar da kowanne rubutu.

Ƙanwata, ina jiran labarin Larabar farko. Allah ya ba da sa'ar karatu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.